Ta Tafi Babura

Roni, 9 ga Afrilu, 1951

Zuwa ga taubashina Falalu, ma'aikacin reluwe a Kafanchan.

Sallama da gaisuwa, da fatan takardar nan ta same ka a kan ƙafafunka. Mu nan da sauran numfashi. Gwaggo Dela mahaifiyarka tana nan da ciwon gwiwarta, maigidana Muhammadu Lawal yana gaishe ka, ya ce Allah ya ƙara haƙuri. Sanƙarau ya fara sauƙi, an buɗe hanya, kasuwa ta ci a makon nan karo na farko tun da aka hana taro. Ka san tun da Babana ya koya mini boko ba na neman mai rubuta mini wasiƙa, saboda haka abin da za ka karanta daga bakina ya fito, babu wanda ya tace shi.

An riga an aiko maka da ta'aziyya daga wajen maza, na kuma san ba su gaya maka yadda aka yi ba, don su ba sa faɗa. Matarka Lailatu ta tashi da ciwon kai, ta ce wuyanta ya ƙi juyawa. Kafin la'asar ɗin kashegari an gama. Kanta yana kan cinyata. Ta samu kalmar shahada, kafin nan kuma ta ambace ka, ta ambaci 'yarta. Na ga ya kamata ka san wannan.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ta 'yarka Tasalla ce. Ranar da abin ya faru Gwaggo Dela ta sa aka kawo ta gidanmu, aka tsare ta a ɗakina tare da yarana har aka dawo daga maƙabarta. Da ta koma gida ta tarar da ɗakin uwarta a rufe, ta tambaya, sai Gwaggo ta ce mata Innarta ta tafi Babura ganin gida, za ta dawo. Na ɗauka maganar kwana biyu ce kafin hankali ya kwanta. To ga shi an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, yarinya ta ci gumbar sadakar uwarta tana tambayata bikin wa ake yi.

Yanzu da hantsi ya yi sai ta tafi gindin tsamiyar nan ta bakin hanyar Kazaure, inda fataken Babura suke ɓullowa da jakunansu, ta zauna har rana ta take. Haƙorinta na gaba ya faɗi, ta ƙulle shi a bakin zane, wai sai Inna ta gani.

Na yi wa Gwaggo magana, ta ce yaro kwando ne, ba ya riƙe ruwa, za ta manta. Ta ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, yaron kuwa ni take nufi, da 'ya'yana huɗu. Ita ma ba don mugunta take yi ba, na sha shiga na same ta tana niƙa tana hawaye. Amma ni ba ni da ikon tsallake maganarta a kan jikarta. Kai ne uba. Ka zo ka gaya wa 'yarka gaskiya da bakinka, in kuwa ba za ka samu zuwa ba, ka rubuto wa Gwaggo ta ba ni izini.

Maƙwabcinmu Maikasuwa zai kai takardar nan gidan waya na Kazaure. Ina jiran amsa.

Ni ce,
Batulu

Kafanchan, 27 ga Afrilu, 1951

Zuwa ga Batulu.

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Ina lafiya, aiki da godiya. Ki gaishe da Iya, ki ce ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Ki gaishe da Malam Muhammadu Lawal da yara.

Abin da ya faru daga Allah ne, babu mai tsallake kwanansa.

Batun zuwa, na nemi hutu wajen Baturen da ke kanmu, ya ce hutun jana'iza ake bayarwa, jana'iza kuwa ta wuce. Sai dai a jira.

Ina roƙon maigidanki ya sa a duba rufin ɗakin nan na gabas kafin ruwa ya sauka, akwai inda yake yoyo wajen kusurwar gado. A yaɓe shi da kyau, kada a taɓa komai na ciki. Jar akuyar nan kuma kada a sayar da ita ko da an matsu.

Game da yarinyar nan, a bar ta a kan yadda Iya ta tsara. Iya ta fi mu sanin yara. Ga ɗan yadi nan na haɗo da shi, a ɗinka mata na Sallah.

Haza wasalam.
Falalu

Roni, 16 ga Mayu, 1951

Falalu, bawan gidanmu,

Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce, ba don raina ya so ba. Kowa lafiya. An yaɓe maka rufi, jar akuya tana nan tana cin dusa, har ta yi ƙiba. Ka kwantar da hankalinka, waɗanda ka damu da su suna cikin alheri.

Na karanta takardarka, na juya bayanta ko akwai saura, babu. Matarka ta mutu a hannuna, ka rubuto mini maganar yoyo. Sunanta bai fito ba ko sau ɗaya. 'Yarka kuwa ta zama yarinyar nan, kamar 'yar maƙwabta da ta shigo ɗiban wuta. Wallahi da ba ni na san ka tun kana yawo babu wando ba, da na ce dutse aka sa maka a ƙirji. Sauran mutane suna jin nauyinka saboda kana aikin Nasara, ni taubashiyarka ce, bakina ba shi da linzami a kanka.

Bari in gaya maka inda tsarin Iya ya kai mu. Ranar kasuwa Tasalla ba ta zama a gindin tsamiya kuma, bin fatake take yi ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko sun ga Innarta Lailatu a Babura. Na farkon da ta tara ya buɗe baki zai ce bai san ta ba, sai wani mai kanwa ya ƙifta masa ido, ya gane, ya ce ai ya gan ta, tana lafiya, tana gaishe ta. Wani dattijo mai dabino tausayi ya kama shi, ya damƙo dabino ya ce ga shi Innarta ta aiko. Tun daga ranar ya zama ƙa'ida, duk kasuwa sai ya ba ta. Gari duka ya shiga cikin ƙaryar nan, kowa yana ganin alheri yake yi. Ita kuwa ba ta cinye dabinon, rabi take ci, rabi ta zuba a kwalla, wai su ci tare.

Sai maganar kai. Kitson da ke kanta Lailatu ce ta yi mata kwana kaɗan kafin ta kwanta. Ya tsufa, ya cukurkuɗe, ƙwarƙwata ta shiga. Na zaunar da ita zan tsefe, ta riƙe kanta da hannu biyu tana ihu, wai Inna ce ta yi, Inna ce za ta tsefe. Gwaggo don ta rarrashe ta sai ta ce to a bari, ai Inna tana tafe da Sallah. Ka ji an sa wa ƙarya rana. Yarinyar da aka haifa ranar Sallah, an ce mata uwarta za ta dawo ranar Sallah.

Ka san Lailatu ba ta iya kunyar ɗan fari ba. Mata suna mata dariya don tana goya ta, tana kiran sunanta a tsakar gida, ita kuwa ta ce 'ya ɗaya gare ta, ba ta da wadda za ta yi wa kunya. To mai kiran sunan nan ta tafi. Saura kai.

Ko ka manta lokacin da mahaifinka ya rasu aka ce maka ya tafi Gwanja fataucin goro? Wa yake hawa dutsen bayan gari kullum yamma yana leƙen hanya, har tafin ƙafarsa ya tsage? Ni nake kai maka ruwa a buta, ina maka tsiya, ban san abin da manya suka sani ba. Abin da aka yi maka shi kake so a yi wa 'yarka?

Batulu

Kafanchan, 20 ga Yuni, 1951

Zuwa ga 'yar'uwata Batulu.

Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Na daɗe ban amsa ba. Na fara takardar nan na yage, na sake farawa na yage. Jikina lafiya, sai rashin barci.

Kin zage ni, na kuma ji. Amma kin karanta ni a karkace. Ɗakin gabas ɗakinta ne. A kusurwar da ke yoyo take ajiye akwatinta, duk damina tana mini mita in gyara, ina cewa sai na dawo. Akuyar kuma tata ce, da kuɗin saƙarta ta saye ta. Abin da zan iya yi mata ke nan daga inda nake, shi ya sa na rubuta shi. Sunanta kuwa hannuna ne ya ƙi. Ko yanzu kin ga ban rubuta ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Bayan labarin rasuwa ya same ni da 'yan kwanaki, sai ga wani ɗan garinmu ya kawo mini ƙunshi da ta ba shi tun tana da lafiya, kuka da daddawa da yaji, ta ɗaure da irin ƙullin da take yi. Yana nan rataye a ɗakina. Na kasa kwancewa, na kasa bayarwa. Ɗakin duk ƙamshin daddawarta ne, in na dawo daga aiki sai in tsaya a bakin ƙofa kafin in iya shiga. A nan babu wanda ya san ta, babu wanda zan ce wa komai, ana ta fito ana ta dariya, jirgi yana zuwa yana tafiya.

Dutsen bayan gari ban manta ba. Amma bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Duk tsawon lokacin da nake hawa dutsen nan ina da uba. Yana Gwanja, yana tafe, zai kawo mini takalmi. Ranar da na sani, ranar na zama maraya. Shi ya sa da kika ce a gaya mata, sai na ji kamar kin ce in je in kashe mata uwa da hannuna. Na ce a bar ta ta ƙara kwana da uwa ko kaɗan ne.

Batun suna kuma, ke kin san yadda aka tashe mu. Ban taɓa ɗaukarta ba, ban taɓa zaunar da ita kusa da ni ba, a gaban Iya ko kallonta ba na yi. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. In na zo da wane baki zan fara? Mutumin da bai taɓa ce mata zo ba, shi ne zai fara da ce mata uwarki ta mutu?

Duk da haka maganar kitson nan ta hana ni sukuni. Na sake shiga wajen Bature, ya ce zai sake ni da Sallah. In Allah ya yarda zan zo, in kuma na zo zan yi abin da kika ce. Kada kowa ya riga ni.

Naki,
Falalu

Roni, 11 ga Yuli, 1951

Falalu,

Barka da Sallah, in ka yi ta. Mu mun yi, irin wadda ba na fatan maimaitawa. Ruwa ya sauka, an yi shuka, jiki lafiya.

Da takardarka ta azumi ta zo na yi kuka, na ce ashe na zalunci bawan Allah. Na yi niyya in ka iso in sa maigidana ya ja ka zaurenmu, inda babu idon Gwaggo, ka zauna ka ambaci matarka da sunanta, ka yi kukan da ka haɗiye, mu kuma mu taya ka. Har na jiƙa gero don furar da kake so. Ranar jajibere na aiki yaro bakin hanya ya fi a ƙirga. Ba ka zo ba, ba ka aiko ba.

Ranar Sallah tun da sassafe Tasalla ta yi wanka da kanta, ta ɗaura yadin da ka aiko, ta ɗauki kwallar dabino ta tafi gindin tsamiya. Yara suna yawon Sallah gida gida, ita tana zaune. Na kai mata tuwo ta ce sai Inna ta zo. Da magariba ta yi maigidana ya ɗauko ta, ba ta yi gardama ba, ta ce wataƙila jakin ne ya gaji.

Kashegari da hantsi sai ga Sama'ilu, wan Lailatu, ya iso daga Babura, gaisuwar Sallah da kuma ta'aziyyar da rufewar hanya ta hana su yi da kyau. Ka ga inda wayonmu ya ƙare. Mun toshe bakin Roni kaf, har fatake mun toshe, amma babu wanda ya tuna ya aika wa mutanen Babura cewa a wajensu muka ajiye ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ina tsakar gidanku lokacin. Tasalla ta gan shi ta sheƙa da gudu ta rungume ƙafarsa, tana leƙen bayansa. Ta ce, "Kawu, ina Inna? Tana baya?" Sama'ilu ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi kan yarinyar, ya dubi Gwaggo, ya ce, "Ba ku gaya mata ba?" Sai ya durƙusa ya fashe da kuka, babban mutum da gemunsa, yana cewa Allah ya jiƙan Lailatu, Allah ya raya marainiya.

Ka ce kada kowa ya riga ka. An riga ka. Na ɗauke ta na shiga ɗakin gabas, na zaunar da ita a kan gadon uwarta, na gaya mata da kalmomin da yaro zai gane. Na ce Inna ta yi ciwo, ta mutu, an binne ta a bayan gari, ba ta je Babura ba, ba kuma za ta dawo ba, amma har ta rufe ido tana kiran sunanta. Na ɗauka za ta yi ihu. Sai ta dubi kwallar da ke hannunta, ta tambaye ni to dabinon wa yake aikowa. Na ce mai dabino ne yake ba ta don tausayi. Ta ajiye kwallar a ƙasa a hankali, ba ta sake taɓa ta ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake rubuta maka. Ta ɗago ta ce, "Baba ma Babura ya tafi?" Na ce a'a, Baba yana Kafanchan yana aikin jirgi, yana da rai, ga ma zanen da ya aiko a jikinta. Ta dubi zanen ta ce ai dabino ma cewa aka yi Inna ce ta aiko. Ta kwance shi ta ninke ta ɗora a kan kwallar. Na ɗauko takardunka na nuna mata, na rantse, maigidana ya rantse, Gwaggo ta rantse tana kuka. Kallonmu kawai take yi. Mu ɗin nan ne muka rantse mata a kan uwarta, don me za ta yarda da mu a kan ubanta?

Yanzu ba ta zuwa gindin tsamiya. Ba ta wasa, ba ta tambayar komai, in na tashi zuwa rijiya sai ta riƙe bakin zanena har in dawo. A wajenta ba ta da uwa ba ta da uba.

Sama'ilu ya tafi ransa a ɓace. Ya ce tsohuwarsu ce ke da haƙƙin riƙon 'yar 'yarta, kuma gidan da aka bar kan yarinya ya zama haka ba gidan barin marainiya ba ne. Zai dawo bayan Babbar Sallah ya tafi da ita. Gaskiyarsa ce. Abu ɗaya ya rage da takarda ba za ta yi ba, yadi ba zai yi ba. Ka zo ta gan ka, ta taɓa ka, ka kira ta da sunanta ta ji muryarka. In ta bar garin nan tana ganin ka mutu, to ka mutu ɗin.

Batulu

Kafanchan, 2 ga Agusta, 1951

Batulu,

Gaisuwa. Ina nan. Ki gaishe da Iya da maigidanki.

Bature bai hana ni ba. Na hau jirgi zuwa Kano, na shiga motar Daura na sauka a Kazaure ranar jajibere. Na kama hanyar Roni da ƙafa, har na hango duwatsunmu. Sai na tuna zan shiga gida in ga ƙofar ɗakin gabas, babu mai fitowa ta karɓi kayana. Ƙafata ta ƙi. Na zauna a gindin wata kuka har rana ta yi sanyi, na juya. A tashar Kano na yi Sallah. Ki faɗi abin da za ki faɗa, na riga na faɗa wa kaina.

Zan zo da Babbar Sallah ko da aikin zai tafi. Ki roƙar mini Sama'ilu ya dakata har in iso.

Falalu

Kafanchan, 21 ga Satumba, 1951

Zuwa ga Batulu, da gaisuwa mai yawa.

Na sauka lafiya, na koma bakin aiki. Allah ya saka miki da alheri, ke da maigidanki, furar nan har yanzu tana bakina. Ban samu keɓewa da ke ba saboda masu ta'aziyya, kin ga yadda zaure ya cika tun daga isowata har tafiyata, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Na ji sauƙi, Batulu. Na je kabarin na yi addu'a. Na shiga ɗakin na zauna, rufin bai yi yoyo ba. Da na dawo nan na kwance ƙunshin nan, na ba matar maƙwabcina ta yi mini miya da shi, na ci. Lailatu. Kin ga na rubuta.

Yarinyar ma na gan ta, ta kuma gan ni, hankali ya kwanta ke nan. Lokacin da na shiga gaishe da Iya tana tsaye a bayanki, na lura da ita ta wutsiyar ido. Ta yi tsawo, tsayuwarta irin ta uwarta ce sak. Na so in yi abin da kika ce, har sunan ya zo bakina, amma ga Iya a zaune, ga matan unguwa cike da tsakar gida, na ga in na yi za a ce Kafanchan ta cire mini kunya. Na ga ita ma ta ɓuya a bayanki ba ta matso ba, na ji daɗi a raina, na ce ashe ta san kunya, tarbiyyarku ta kama ta. Da zan tafi na bar mata alewa a ƙarƙashin tabarmar Iya, ki ce mata ni na bari.

Tunda yanzu ta san ina raye, ki yi wa Sama'ilu magana ya bar ta a wajen Iya zuwa baɗi. In na sake zuwa mutane sun ragu, sai in zauna da ita a tsanake.

Naki,
Falalu

Roni, 6 ga Oktoba, 1951

Falalu,

Na amsa gaisuwarka. Gero ya nuna, an fara girbi. Gwaggo tana kwance, ba gwiwa ba ce wannan karon, zuciya ce. Na yi murna da ka ci miyar nan, na yi murna da hannunka ya rubuta sunan Lailatu, da gaske nake. Kai ka samu abin da ka zo nema.

Amma abin da ka gani a tsakar gida ba kunya ba ce, tsoro ne. Tun da aka ce ga ka nan tafe na shirya ta, na ce yau za ta ga Baba da idonta. Da ka yi sallama sai ta damƙe zanena. Na ce mata ta tsaya ta gani, zai kira ki. Ka shigo, ka durƙusa ka gaishe da Gwaggo, ka gaishe da matan unguwa ɗaya ɗaya, ka tambayi 'ya'yana da sunayensu har na goye, ka tambayi jar akuya. Idonka ya bi ta kanta ya wuce kamar yadda yake wuce turmi. Har ta saki zanena ta fito fili ta tsaya inda za ka gan ta, ba ka lura ba, ko ka lura ka kau da kai. Kwana biyu tana bin ka daga nesa, tana laɓewa a bakin zaure. Na aika maigidana ya jawo ka, ka ce bari baƙi su ragu.

Da ka tafi na ce mata to ta gani, Baba yana da rai. Ta girgiza kai. Ta ce mini, "Gwaggo Batulu, ba ya ganina. Waɗanda suka mutu ba sa ganin mutane, ko?"

Na ba ta alewar na ce kai ka bari. Ta kai ta zuba a kwallar dabino.

Maganar baɗi kuwa, takardarka ta zo a makare, ko da ta zo da wuri ma ba zan kai wa Sama'ilu ita ba. Ya cika alkawari, ya jira har ka zo ka tafi, sannan ya dawo da jaki. Kafin su tashi na ce ba za a kai ta wajen kakarta da wannan kai ba. Na zaci za a yi dambe, sai ta zo da kanta ta zauna a gabana ta sunkuyar. Kitson ya wuce tsifa, ƙarƙashinsa duk gyambo ne, dole aska aka sa. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi. Ta tattara gashin da hannunta ta tambaye ni inda ake binne abin da ya mutu, muka haƙa rami a bayan ɗakin gabas muka rufe, har da haƙorin.

Ba ta ɗauki yadinka ba, ba ta ɗauki kwallar ba. Da aka ɗora ta a kan jaki ta ce in zo da bakina in gaya mata gaskiya, ni ma in na ce zan je rijiya, rijiyar zan je? Na ce rijiyar zan je. Na raka su har gindin tsamiya, ba ta waiwayo ba.

Ka riƙe kunyarka, babu wanda zai ce Kafanchan ta cire maka ita. Gwaggo ta riƙe tata dabarar, ni ma na riƙe biyayyata, na yi shiru wata da watanni ina jiran izini. Duk mun fita da mutuncinmu. Hanyar gidan Sama'ilu ba ɓoyayya ba ce, daga Kazaure kowane mai jaki ya san ta, in wata rana bakinka ya iya sunan 'yarka. Kada ka aika mata da komai, ba ta karɓar aike.

In abokan aikinka sun tambaye ka ina 'yarka, ka ce ta tafi Babura. Wannan karon gaskiya ne.

Batulu